Takaful da Dukiyar Iyali a Ƙasar Batsari da Safana: Tsakanin Halacci da Abin da Takarda ta Ɗauka

Dukiyar mafi yawan magidanta a ƙananan hukumomin Batsari da Safana ba a banki take kwana ba. Tana cikin rumbun gero da dawa, da shanun huɗa, da babur ɗin da ake kai rogo kasuwa da shi, da tumakin matan gida, da kayan ɗakin da uba ya shekara yana tara wa 'yarsa. Duka a farfajiya ɗaya suke, har gobarar dare ɗaya ta lokacin hunturu tana iya haɗa su ta cinye. A kan wannan tsohon haɗari kuma sai ga na ɓarayin dajin Rugu ya ƙaru, wanda ya fara da satar shanu ya kai ga ƙona gidaje da rumbuna, kamar yadda ya auku a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na Batsari a watan Fabrairun 2020. Saboda haka ba abin mamaki ba ne magidanci ya zo wurin malami yana tambayar hukuncin inshora. Amsar tana da ɓangare biyu: ko yarjejeniyar ta halatta, da kuma ko za ta biya asarar da mai tambayar yake tsoro. Ɗalibai sun fi ƙwarewa a ɓangaren farko, alhali na biyun ne yake yanke wa iyali hukunci ranar da masifa ta sauka.

Asalin saɓanin malamai

Daga cikin fuƙaha'un farko da suka taɓo mas'alar akwai Ibnu Abidin, Bahanafen Dimashƙa da ya rasu a 1252 bayan hijira. A cikin Raddul Muhtar ya yi magana a kan kuɗin da fatake suke biya domin a lamunce musu kayansu a jirgin ruwa, ya kuma tafi a kan cewa karɓar diyya ta wannan hanya bai halatta ba, domin lazimta wa mutum abin da shari'a ba ta lazimta masa ba ne. A ƙarni na ashirin muhawarar ta faɗaɗa. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta haramta inshorar kasuwanci a zamanta na 1398, Shaihu Musɗafa Zarƙa ya saɓa mata yana ganin halaccinta. A watan Disambar 1985 majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda ta ƙarfafa haramcin, ta kuma nuna inshorar taimakekeniya a matsayin mafita.

Babbar illar da suka kafa hujja da ita ita ce garari. Mai biyan kuɗin inshora yana sayen abin da bai san ko zai samu ba, bai san yawansa ba, bai san lokacinsa ba. Muslim kuwa ya ruwaito daga Abu Huraira (RA) cewa Annabi (SAW) ya hana cinikin garari. Suka ƙara da cewa musayar kuɗi kaɗan da kuɗi masu yawa a jinkirce ta shiga babin riba, ga kuma juya kuɗin jama'a da kamfanonin suke yi ta hanyar bashi da ruwa. Masu cewa neman inshora rashin tawakkali ne kuwa, hujjarsu ba ta da ƙarfi, kuma majalisun ba a kanta suka gina hukunci ba. Hadisin Sa'ad ɗan Abu Waƙƙas (RA), inda aka fifita barin magada da wadata a kan barinsu suna roƙon mutane, ya isa nuna cewa tanadi domin iyali abin so ne.

Inda Malikiyya ta buɗe ƙofa

Abin da ya kamata ɗalibin ƙasar Hausa ya lura da shi shi ne, ginshiƙin da takaful ya tsaya a kai daga mazhabar da ya tashi a cikinta aka ɗauko shi. Imam Ƙarafi a cikin Alfuruƙ ya bambanta ƙulle-ƙullen musaya, irin su ciniki da haya, da ƙulle-ƙullen kyauta, irin su hiba da sadaka. A na farko garari yana ɓata ƙulli, domin mutum ya fitar da dukiyarsa yana jiran makwafinta. A na biyu Imam Malik ya yi rangwame, domin wanda aka yi wa kyautar abin da ba a san yawansa ba bai yi asarar komai ba. Haɗɗabi kuma ya rubuta littafi sukutum a kan iltizami, wato mutum ya ɗora wa kansa aikata alheri har ya zama wajibi a kansa. Da waɗannan asali biyu malaman zamani suka ce: idan jama'a suka zuba kuɗi a asusu ɗaya da niyyar kyauta, kowa ya lazimta wa kansa taimakon wanda asara ta samu daga cikinsu, to rashin sanin wanda zai karɓa da nawa zai karɓa ba ya ɓata tsarin. Suna ƙarfafa wannan da yabon da Annabi (SAW) ya yi wa Ash'ariyawa, waɗanda idan abincinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ya rage su raba daidai, da kuma tsarin aƙila, inda dangi suke haɗuwa su ɗauki diyyar kisan kuskure.

Kamfanin farko da aka gina a kan wannan fahimta a Sudan aka kafa shi a 1979, Malesiya ta yi dokarta a 1984. A Nijeriya hukumar NAICOM mai kula da inshora ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, sannan Noor Takaful da Jaiz Takaful suka sami lasisi a 2016. A tsarin, asusun na mahalarta ne, kamfani wakili ne da yake karɓar ladan wakilci ko kaso daga ribar juya kuɗin ta hanyar mudaraba. Idan shekara ta ƙare da rara, mahalarta suna da haƙƙi a cikinta. Idan asusun ya gaza, kamfani ya ranta masa bashi marar ruwa. Akwai malaman da suke sukar cewa kyautar da mutum yake yi yana sa ran a biya shi ta yi kama da musaya, kuma suka ce mai nauyi da ta cancanci nazari. Sai dai fatawar mafi yawan majalisu a kan halacci take.

Abin da takarda ta ɗauka da abin da ta toge

A nan ne nasihar malami take buƙatar ilimin da ba ya cikin littattafan fiƙihu. Takardar kariyar gida, ta takaful ce ko ta inshora, tana lissafa masifun da ta ɗauka ɗaya bayan ɗaya: gobara, tsawa, wani lokaci ambaliya da guguwa, da sata idan an fasa ƙofa ko gini. Bayan haka sai jerin togaciya, kuma a al'adar wannan sana'a yaƙi da ta'addanci da tarzoma suna cikin abin da ake togewa, sai in an ƙara su da kuɗi na daban. Magidancin Ruma ko Runka da yake son shiga saboda tsoron 'yan bindiga dole ya tambaya ƙarara: idan mahara suka cinna wa gida wuta, gobara za a kira ta ko ta'addanci? Ya nemi amsar a rubuce, domin maganar bakin dillali ba ta ɗaure asusu. Kuɗin fansa, wanda ya tsiyata gidaje da dama a yankin, ba ya cikin kariyar gida ko kaɗan. Haka nan tsabar kuɗin da aka ajiye a ɗaki yawanci a waje suke, dabbobi da amfanin gona kuma suna da tasu yarjejeniya daban. Ginin ƙasa mai rufin ciyawa ma ba kamar na bulo da kwano ake kallonsa ba. Wajibi ne a tabbatar an karɓe shi a yadda yake.

Sai batun ƙima, wanda hauhawar farashi ta mai da shi tarko. Ana biyan diyya ne gwargwadon kason da aka yi wa rajista. Misali, wanda kayan gidansa suka kai naira miliyan 4 amma ya rubuta miliyan 2 domin rage abin da zai zuba, idan gobara ta ci na miliyan 1, abin da zai karɓa naira dubu 500 ne, domin rabin dukiyar kawai ya shigar. Ƙimar da aka rubuta shekara biyu da suka wuce ba ta sayen kwanon rufi a yau, don haka sabunta ta duk shekara wajibin hankali ne. A ɗaya ɓangaren kuma, mahalarci yana ɗauke da amanar faɗin gaskiya. Wanda yake sayar da fetur a jarka a zaurensa ya ɓoye hakan, ya ba kamfani damar ƙin biya. Wanda ya ƙara gishiri a lissafin asararsa kuwa dukiyar 'yan'uwansa mahalarta ya ci, ba ta wani kamfani na nesa ba.

Takaful na iyali, wanda ake biya bayan mutuwar mahalarci, yana tayar da mas'alar gado. Kason da mamaci ya tara a matsayin ajiya tarika ce ba tare da saɓani ba, a biya bashi, a zartar da wasiyya, a raba saura bisa fara'ili. Kason da ya fito daga asusun taimako shi ne wurin saɓani: wasu sun haɗa shi da tarika, wasu sun ce kyauta ce daga mahalarta zuwa ga wanda aka ambata. A gidan da yake da mata biyu ko uku da 'ya'ya ɗaki-ɗaki, rubuta sunan mutum ɗaya ba tare da bayani ba ƙofar husuma ce. Abin da ya fi aminci shi ne a fayyace cewa wanda aka ambata wasiyyi ne mai karɓa domin ya miƙa ga magada.

Inshorar da hukuma ta tilasta, kamar ta abin hawa mai biyan wanda aka yi wa ɓarna, wadda kuɗinta ga motar gida ya koma naira 15,000 daga Janairun 2023, malamai sun yi rangwame a kanta saboda tilasci, kuma inda takaful ya samu shi ne abin zaɓa.

Gudummawar gari da iyakarta

Mutanen wannan yanki ba baƙi ba ne ga taimakekeniya. Adashi, da gayya, da damin da maƙwabta suke kai wa wanda rumbunsa ya ƙone, duka suna cikin ma'anar umarnin taimakon juna a kan alheri da ya zo a farkon Suratul Ma'ida. Wannan tsari yana da ƙarfi idan gida ɗaya abin ya shafa, sauran gari suna tsaye. Yana karyewa ne ranar da aka tashi ƙauye gaba ɗaya, masu bayarwa da masu karɓa suka taru a makarantar firamare ta cikin gari suna gudun hijira. Amfanin babban asusu shi ne mahalartansa suna warwatse, wanda yake Kano ko Legas yana ɗaukar nauyin wanda yake Safana. Sai dai kuma masifar da take rusa gudummawar gari ita ce dai wadda kamfanoni suka fi togewa. Ƙungiyar manoma ko kwamitin masallaci da za su shiga a dunƙule sun fi magidanci ɗaya ƙarfin neman a rubuta musu harin 'yan bindiga cikin abin da aka ɗauka, su kuma san tun farko takardun da za a nema, kamar rahoton 'yan sanda da hoton kaya da rasit, da adadin kwanakin da aka ba su su kai rahoton asara.