Mayaƙan da Ba Su Kai Tsawon Yatsa Ba

Duk wanda ya tashi a ƙasar Zazzau ya san dokin kara da saniyar laka waɗanda yara kan ƙera bayan an yanke dawa. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, a Ingila magidanta ne, har da masu furfura, kan raba dare suna yi wa irin waɗannan 'yan mayaƙa fenti, sa'an nan su jera su bisa tebur, runduna da runduna, su gwabza yaƙin wasa da ƙwayar lido da rula.

Kamfanin da ya fi shahara a wannan harka shi ne Games Workshop, wanda aka kafa a Landan cikin 1975, ya kuma fito da wasan Warhammer cikin 1983. Da can da dalma ake zuba mayaƙan, yanzu kuwa yawancinsu na roba ne. Tsawon kowane ɗaya wajen milimita 28 ne, watau inci guda da 'yar ɗoriya, kuma babu launi a jikinsu sa'ad da ake sayarwa. Mai saye shi ne mai fenti.

Aikin kuwa na haƙuri ne. Da fari za a kankare zaren da wurin zubi ya bari da reza, a yi shafin farko domin fenti ya kama. Sa'an nan a tsinka launi da ruwa a shafa sau biyu ko uku, domin fenti mai kauri yakan cike ido da hancin ɗan mayaƙin ya bar shi kamar dunƙulen fura. Daga nan sai a bi shi da ruwan fenti mai duhu, wanda zai gangara cikin lunguna ya zama inuwa. A ƙarshe a goge buroshi a tsumma har ya kusa bushewa, a shafa sama-sama, sai gefen takobi da ƙwayoyin sulke su fito fili.

To, ina ruwan Zariya da wannan? Hannun da zai iya aikin yana nan. A Samaru akwai sashen koyar da zane na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya girmi jami'ar kanta, don ita sai 1962 aka buɗe ta. A nan Zariya ne cikin 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyarsu, bisa ra'ayin a ɗauki dabarar Turawa a yi aikin gida da ita. A Sabon Gari kuma ga masu rubuta allunan kantuna da masu zana zaki da gaggafa a jikin manyan motoci.

Amma fa fentin mota ba zai yi ba, ya cika kauri. Sai na ruwa mai saurin bushewa. Shi kuma hunturun Samaru abokin gabarsa ne: ƙura ta manne, launi ya daskare a bakin buroshi. Maganinsa a dama fentin bisa takarda da aka shimfiɗa kan jiƙaƙƙen soso, a kife kwano kan aikin in an tashi.

Wasu za su yi ƙyamar siffanta mai rai, ko da yake malamai da yawa sun sassauta game da kayan wasan yara. Sai kuma tsada, don akwatin da aka sayo da fam ɗin Ingila ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi. Sai dai babu dokar da ta ce lalle sai jaruman Turawa. Rundunar Sarauniya Amina, wadda Tarihin Kano ya ambaci yaƙe-yaƙenta, ta isa cika tebur, ga kuma Dodo da Gizo na tatsuniya. Ɗalibin da ke neman samfuri bai bukatar littafi daga Landan: ranar hawan Salla 'yan lifida za su wuce ta Ƙofar Fada, da kwalkwalinsu da lifidin dawakinsu mai launi-launi.