Maigida Mai Gemu a Ƙasar Kabi

A watan Mayu na 1853 wani Bature ya sauka a Gwandu, ya ce sunansa Abdulkarim. Yana jin Larabci, yana jin Hausa. Sarkin Gwandu Halilu, mutum mai gudun duniya, bai yarda sun yi ido biyu ba. Amma a garin ne aka ara wa baƙon littafin Tarikh al-Sudan, ya duƙufa yana kwafar tarihin Songhai, yana zaton Ahmad Baba ne mawallafin, alhali na Abdurrahman Sa'adi ne.

Abdulkarim ɗin nan sunan aro ne. Na yankansa Heinrich Barth, Bajamushe, haifaffen Hamburg a 1821, gwamnatin Ingila ce ta aiko shi. Da mutanen Gwandu sun san ma'anar sunan, da ba su ji shi baƙo ba. Heinrich kalmomi biyu ne na tsohon Jamusanci, gida da mai mulki, wato Maigida. Bart kuwa gemu ne. Wani kakan kakanni ya tara gemu, aka yi masa laƙabi kamar yadda muke cewa Dogo ko Mai Gemu, laƙabin ya bi 'ya'ya da jikoki, har da waɗanda ko saje ba su da shi. Wasu masu sunan kuma gutsure shi aka yi daga Bartholomäus, wanda asalinsa Aramiyanci ne, ɗan Talmai. Ni dai na fi son na gemun, don yana da dangi masu nisa: Langobard, masu dogon gemu, ƙabilar Jamusawa ce da ta kutsa Italiya a 568, kuma yankin Milan har yau sunansu yake amsawa, Lombardiya.

A watan Yuni na 1853 Barth ya bi ta Birnin Kebbi, ya ga kufan tsohon birnin da Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci a 1805. Argungu kam bai taka ta ba. Tun 1849 Yakubu Nabame ya tayar da Kabawa, ba sa ga maciji da Gwandu da Sakkwato, baƙon Sarkin Musulmi kuwa ba ya ratsa wannan fadama lafiya. Da ɗar-ɗar ayarinsa ya wuce zuwa Say, ya haye Kwara, ya shiga Tambutu a watan Satumba. Ya koma Turai a 1855, ya rasu a Berlin a 1865 yana da shekara 44.