Jimlar ɓoye aikau mai mataimakin aikatau a Ingilishi

Jimlar ɓoye aikau mai mataimakin aikatau wani tsari ne a nahawun Ingilishi da ke haɗa abubuwa biyu. Na farko shi ne passive voice, wato jimlar da ake gabatar da wanda aiki ya faɗa wa, a jinkirta ambaton wanda ya yi aikin ko a bar shi. Na biyu su ne modal verbs, ƙananan kalmomin da ke rakiyar aikatau don nuna tilas, izini, iyawa ko zato. Misali, The fees must be paid na nufin "dole a biya kuɗin makaranta". Jimlar ta faɗi abin da ya wajaba, amma ba ta faɗi wanda zai biya ba.

Tsari

Manyan mataimakan aikatau na wannan rukuni tara ne: can, could, may, might, shall, should, will, would da must. Ana kuma haɗa ought to da su. Ginin jimlar guda ne: karɓau ya dawo farko, sai mataimaki, sai be, sai siga ta uku ta aikatau, kamar paid, written ko taken.

The road to Runjin Sambo can be used. Ana iya bin hanyar Runjin Sambo.
The form should be signed. Ya kamata a sa wa takardar hannu.

Kalmar be ba ta sauyawa bayan mataimaki, ko sunan tilo ne ko jam'i. Idan ana son ambaton aikau, sai a kawo shi a ƙarshe bayan by, kamar by the principal. Wajen korewa, not na bin mataimaki: should not be signed. Wajen tambaya kuma mataimakin ne ke zuwa farko: Can it be repaired? In ana maganar abin da ya wuce, have been ne ke maye gurbin be: It should have been signed, wato ya kamata a ce an sa hannu, amma ba a sa ba.

Aikatau so-karɓau kaɗai ke shiga wannan tsari. Ƙi-karɓau irin su happen, arrive da die ba sa shiga, don haka It can be happened kuskure ne.

Ma'ana

Yawancin mataimakan na da fuska biyu: ta umarni ko izini, da ta zato. The gate must be locked by ten umarni ne a kulle ƙofa kafin ƙarfe goma. The gate must have been locked kuwa hasashe ne: da alama an riga an kulle ta. Haka nan must not be paid hani ne, "kada a biya", yayin da need not be paid ke nufin "ba sai an biya ba". Mai karanta sanarwa da ya rikita su na iya yin asara.

Wani lokaci juya jimla na sauya ma'ana. A cikin Aisha won't help Musa, ana iya fahimtar cewa A'isha ce ta ƙi taimako. A cikin Musa won't be helped by Aisha, ƙin na iya komawa kan Musa.

Tarihi da amfani

Mafi yawan waɗannan kalmomi cikakkun aikatau ne a tsohon Ingilishi. Can ta fito daga cunnan mai ma'anar sani, shall kuma daga sculan mai ma'anar ɗaukar bashi ko wajibi. Siffarsu ta yanzu ta samo asali ne daga tsohuwar sigar shuɗaɗɗen lokaci, shi ya sa ba a ƙara musu -s kamar yadda ake yi a he writes.

Littafin Longman Grammar of Spoken and Written English na 1999 ya nuna cewa jimlar ɓoye aikau ta fi yawa a rubutun ilimi fiye da hirar baka. Ana yawan ganin ta a dokoki, takardar magani da allon sanarwa, domin a can aikin ne abin lura, ba mai yin sa ba. Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 cike yake da shall be. Marubuci George Orwell ya soki yawan amfani da tsarin a wata maƙala ta 1946, kuma ana yawan sukar sa da cewa yana ɓoye wanda alhaki ke kansa.

Kwatanci da Hausa

Hausa na bin hanyoyi biyu. Ta farko ita ce wakilin suna marar fayyace mutum: a, an, ana, za a, aka. A Sakkwatanci ana cewa anka a madadin aka, kamar "aikin da anka yi". Ana haɗa shi da dole, ya kamata, iya ko wataƙila don a samar da ma'anar mataimakan Ingilishi. Bambancin shi ne karɓau na zama a wurinsa bayan aikatau, kuma ba a ƙara ambaton aikau a ƙarshen jimlar. In ana son faɗin sa, sai a sake gini: "shugaba ne zai sa hannu".

Ta biyu ita ce aikatau mai ƙarewa da -u, kamar gyaru, dafu da ginu, wanda F. W. Parsons ya sa a giredi na 7 a rabe-rabensa na 1960. A lokaci mai ci wannan siga na ɗauke da ma'anar yiwuwa. "Motar ba ta gyaruwa" daidai take da The car cannot be repaired. Abin da Ingilishi ke faɗi da can da be da repaired, Hausa na tattara shi a kalma guda. Paul Newman a 2000 da Philip Jaggar a 2001 sun yi bayanin wannan a littattafansu na nahawun Hausa.

Kurakuran masu koyo

Ingilishi darasi ne na tilas a jarrabawar WAEC, NECO da JAMB, kuma ana buƙatar kiredit a cikinsa don shiga jami'o'i irin su Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, wadda aka kafa a 1975. Kurakuran da aka fi yi sun haɗa da barin be, kamar It must paid, da sa been a wurin be, kamar It must been paid, da kuma yar da -ed, kamar should be inform. Wannan na ƙarshe na da alaƙa da furuci: gaɓar Hausa ba ta ƙarewa da baƙaƙe biyu a jere, don haka d na ƙarshen informed kan ɓace a baki, daga nan ya ɓace a rubutu.