Rigar girki daga tsohon yadi: ba kowane ƙyalle ke zama kusa da wuta ba

A shekarun 1930, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, matan karkara a can ba sa yar da buhun fulawa ko na abincin kaji. Da auduga ake saƙa buhunan a wancan zamani. Sai su farke su, su wanke, su ɗinka kayan yara da labule da rigar girki, wato wadda ake ɗaurawa a gaba don kare sutura daga maiƙo da miya. Da kamfanoni suka gane abin da ake ciki, sai suka shiga buga furanni a jikin buhu, sunansu kuma su sa shi da tawadar da ke fita a wanki. Buhu uku kan isa rigar mace, guda ɗaya kuwa ya wadatar da rigar girki. Har ta kai maigida in zai tafi sayen abincin kaji, uwargida kan ba shi guntun ƙyalle ta ce ya nemo mai irin wannan zanen. Buhun takarda ne ya kashe al'adar sannu a hankali daga shekarun 1950.

Su rashi ne ya koya musu. Mu a yau tufafin ne suka yi wa duniya yawa. Rahoton gidauniyar Ellen MacArthur na 2017 ya nuna cewa a cikin abin da ake yin tufafi da shi, wanda ke komawa ya zama sabuwar tufa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. A kasuwar Kantamanto da ke Accra, ƙungiyar Or Foundation ta ƙiyasta cewa kayan gwanjo kimanin miliyan 15 ke shigowa duk mako, kuma wajen kashi 40 cikin 100 a bola suke ƙarewa, wasu a kwatami, wasu a bakin teku.

Mai karatu zai ce, to me ya hana a zuba su a inji a sake kaɗa zare? Idan inji ya yayyaga tsohuwar auduga, silinta gajarta yake yi, zaren ya fito ba ƙwari, dole sai an gauraya shi da sabuwa. Ga shi da yawa daga yadin yanzu haɗin gambiza ne na auduga da foliyesta, wanda daga man fetur ake samo shi, kuma raba su aiki ne mai tsada. Almakashi da keken ɗinki ba ruwansu da wannan matsala. Shi ya sa a ganina sake ɗinki ya fi sake saƙa amfani, rigar girki kuma ta fi kowace sutura sauƙin sha'ani: babu hannu, babu wuya, babu awo mai wahala, tabon da ke jikin yadin ma ba abin kunya ba ne, tunda gaba wani zai same ta.

A ɗauki tsohon wandon jins da gwiwarsa ta huje. A yanke ƙafa ɗaya, a farke ta ta ɗinkin ciki, a shimfiɗa: ga gaban riga ya samu. A ɓamɓaro aljihun baya a ɗora a ƙirji, ɗaya ƙafar a tsaga ta a yi igiyar wuya da ta ƙugu. Ragowar atamfar da ke zube ƙarƙashin keken tela ita za ta yi baki. Aikin yamma ɗaya ne.

Sai dai a nan ne masu ɗoki ke yin ganganci. Auduga ma tana cin wuta, amma toka take zama. Foliyesta da nailan kuwa narkewa suke yi su manne a fata, ƙunar ta yi zurfi. Gane su ba wuya. A yanko ɗan ƙyalle, a riƙe da almakashi a saman kwanon ruwa, a kusanta masa ashana. In ya yi warin takarda mai ci ya bar toka mai laushi, auduga ce. In ya ƙanƙance, ya yi warin leda, ya bar baƙin dunƙule mai tauri, a kai shi ɗinkin jaka, ba madafa ba. Buhunan shinkafa da taki na yanzu ma roba ce aka saƙa, ba irin na matan Amurka ba ne. Buhun da ya taɓa ɗaukar taki ko maganin ƙwari kuwa, ko an wanke shi kada ya kusanci abinci.

Kira ga teloli da cibiyoyin koyar da sana'a: ƙyallen da kuke sharewa ku cinna wa wuta a bayan shago jari ne. Masu tuwo-tuwo, masu shayi, mahauta da masu gidan burodi duk suna buƙatar abin kare gaba, kuma za su saya in farashin ya yi sauƙi. Amma kafin a ɗora almakashi, a gwada yadin da ashana tukuna.