Ɗan zaki ɗaya, unguwa ta kama da wuta

Jama'ar Tcholliré, makiyaya da 'yan kasuwar kan iyaka, ga taƙaitaccen abin da muka tattauna a filinmu na fina-finai.

Fim ɗin shi ne Les Misérables na 2019, wanda Ladj Ly, Bafaranshe ɗan asalin Mali, ya shirya a Montfermeil, unguwar talakawa a bayan birnin Paris inda ya tashi. Ya ci kyautar alƙalai a bikin Cannes na shekarar.

Wani yaro mai suna Issa ya saci ɗan zaki daga masu wasan dabbobi. Ku da kuke kiwo kusa da dajin Bouba Ndjida kun san ba a wasa da ɗan zaki. 'Yan sanda uku suka bi sawu, wajen kamun ɗayansu ya harbi yaron a fuska da harsashin roba, wani yaro kuma ya ɗauki hoton abin da ƙaramin jirgi mai kyamara.

To, daga nan kowa ya bar yaron ya koma neman hoton: 'yan sanda, mai faɗa a ji na unguwa, har da dillalin ƙwaya. Manya suka rufe magana a tsakaninsu, aka mayar da ɗan zaki, ba wanda ya ba Issa haƙuri. Washegari yaran unguwa suka yi wa 'yan sandan kwanton ɓauna a bene.

Inda fim ɗin ya gaza a ganina: yawancin labarin ta idon 'yan sanda muke kallonsa. Iyaye mata kuwa sai leƙowa kawai suke yi, alhali su ne ke kwana da zullumi. Fushin yaran ya fito sarai, amma rashin aiki da matsin gidajen da suka haife shi an bar su a gefe.

Duk da haka ku neme shi ku kalla, musamman samarin da ke mafarkin Faransa. Kai kuma ardo, ko shugaban kasuwa, in an kawo maka ƙarar shanu sun shiga gona, ko jami'i ya mari yaron mota a shinge, kafin a tashi daga zaman sulhu ka tambayi wanda aka cuta ko zuciyarsa ta yi sanyi. In bai ce komai ba, kada ka ɗauka magana ta ƙare.