Maido da sabar tarihin bayanan masana'anta

Maido da sabar tarihin bayanan masana'anta aiki ne na sake tayar da kwamfutar da ke adana awon injinan masana'anta bayan ta lalace, ta hanyar amfani da fayilolin da aka kwafa aka ajiye tun kafin matsalar. Wannan sabar, wadda a Turanci ake kira historian, tana karɓar awo daga na'urorin da ke jikin injina, kamar zafi da danshi da nauyi da ƙarfin wuta, tana rubuta kowane awo tare da lokacin da aka ɗauke shi. Idan ta mutu injina kan ci gaba da aiki, sai dai masana'anta ta rasa shaidar abin da ya faru a baya.

Asali

Daga cikin sanannun manhajojin wannan aiki akwai PI System na kamfanin OSIsoft, wanda aka kafa a Amurka a shekarar 1980, kuma kamfanin AVEVA ya saye shi a 2021 kan dala biliyan 5. Akwai kuma Proficy Historian da InfoPlus.21. Dukansu suna ba kowane ma'auni lakabinsa, sannan su matse bayanai ta yadda ba sa ajiye awon da bai canza ba. Saboda haka fayilolinsu ba sa buɗuwa sai da manhajar da ta rubuta su.

Muhimmanci a yankin Funtuwa da Malumfashi

Funtuwa da Malumfashi a kudancin jihar Katsina sun daɗe da suna wajen noman auduga da masara. Tun zamanin mulkin mallaka ƙungiyar BCGA, wadda aka kafa a Manchester a 1902, ta gina gidajen gurzar auduga a garuruwan biyu. A irin wannan masana'anta awon danshi ya fi komai muhimmanci. Auduga takan gurzu da kyau idan danshinta na kusan kashi 6 zuwa 7 cikin 100. Idan ta bushe fiye da haka zarenta ya karye, idan ta yi laima injin ya toshe. Duk ranar da mai saye ya yi ƙorafi kan wata dila, tarihin awon ne zai nuna yadda aka gurje ta.

Yanayin yankin ba ya yi wa kwamfuta daɗi. Lokacin gurza yana zuwa ne bayan girbi, daidai da hunturu, lokacin da ƙura da burbushin auduga ke toshe fankar sabar. Ɗaukewar wutar lantarki da sauyawa zuwa janareta kan katse rubutu a tsakiyar fayil, da damina kuma tsawa kan ƙona kayan wuta.

Matakan maidowa

Mataki na farko shi ne gano musabbabin lalacewar. Idan faifan ajiya ne ya mutu, sauya shi ya wadatar. Idan kuwa manhajar garkuwa da bayanai ce, dole a cire injin daga sauran kwamfutoci, a kuma zaɓi kwafin da aka yi kafin kutsen.

Daga nan ake girka manhajar a sabon inji. Ana so ta zama sigar da aka yi kwafin da ita, domin tsohuwar siga ba lallai ta karanta fayilolin sabuwa ba. Ana ba injin suna da adireshin tsohon, don na'urorin da ke turo awo su gane shi. Lasisin manhajar sau da yawa yana ɗaure da inji guda, don haka akan nemi sabo.

Sai a tsayar da manhajar gaba ɗaya, a kwafo fayiloli zuwa wurarensu. Iri biyu ne: fayilolin tsari, masu ɗauke da jerin lakabi da izinin ma'aikata, da fayilolin taska, masu ɗauke da awon kansa. Taska ba tare da jerin lakabi ba tarin lambobi ne kawai da ba a san na wane inji ba ne. Bayan an yi wa taskokin rajista ana kunna manhajar, a duba agogon injin, sannan a gwada wasu lakabobi da rahotannin da aka buga a baya.

Giɓin da kan rage

Kwafin ajiya yana tsayawa ne a lokacin da aka ɗauke shi. Idan an yi shi da ƙarfe 3 na dare, sabar ta mutu da ƙarfe 4 na yamma, awon sa'o'i 13 ba ya ciki. Kwamfutocin da ke tattaro awo kan riƙe abin da suka auna bayan mutuwar sabar, su turo shi idan ta dawo, matuƙar an kunna musu wannan tsari tun farko. Abin da suka riga suka miƙa kafin mutuwar kuwa yakan salwanta, sai dai in an ceto shi daga tsohon faifai.

Darasi daga wasu ƙasashe

A watan Yunin 2017 manhajar NotPetya ta shafe kwamfutocin kamfanin jiragen ruwa na Maersk. Kwafi ɗaya na sabar da ke riƙe da izinin ma'aikata ya tsira a ofishinsu na Gana, saboda an ɗauke wuta kafin harin ya isa can. A watan Maris na 2019 kamfanin Norsk Hydro na ƙasar Norway ya ƙi biyan kuɗin fansa, ya maido da bayanansa daga ajiya.

Shi ya sa masana ke ba da shawarar ƙa'idar 3-2-1: kwafi 3, a kan ma'ajiya iri 2, guda 1 kuma a wani wuri dabam. Suna kuma shawartar a riƙa gwada maidowa a wani inji lokaci zuwa lokaci, musamman kafin kakar gurza ta kama, domin sai an gwada ake sanin ko kwafin yana buɗuwa.