Na'urar Da Ke Kwana Tana Sauraren Zuciya

Sau nawa mace za ta ji ƙirjinta ya yi nauyi tana tsakiyar daka ko tuƙin tuwo, amma da an kai ta asibiti sai a ce ba a ga komai ba? To, ba ƙarya ta yi ba. Awon zuciya da ake yi a kan gado, wato i-si-ji, 'yan daƙiƙoƙi kawai yake ɗauka, kuma tana kwance tana hutawa. Ita kuwa zuciya, in jijiyoyin da ke kai mata jini sun tsuke, galibi sai ana aiki take nuna gazawarta.

Shi ya sa ake da wata 'yar na'ura mai suna Holta, sunan Ba'amurken da ya ƙirƙiro ta, Norman Holter. Ta farkon da ya haɗa a 1947 ta kai kilo 38, goya ta ake yi! Ta yanzu ba ta fi wayar hannu ba. Za a manna miki 'yan wayoyi a ƙirji (ki nemi mace ta manna miki), ki koma gida da ita a ƙarƙashin riga tsawon awa 24. Ki yi aikinki yadda kika saba. Alwala ba matsala, wanka ne dai sai an cire.

A kwana ɗaya zuciya na bugawa kusan sau 100,000. Wane likita ne zai bi su ɗaya bayan ɗaya? Kwamfuta ce ke tace su, ta ware duk inda layin bugun ya nutse ƙasa har na minti ɗaya ko fiye, don alama ce jini ya yi wa zuciya ƙaranci. Takan kamo har wanda bai zo da ciwo ba, abin da ya fi samun masu ciwon suga. Amma fa takan yi kuskure, ko juyin kwanciya na iya ruɗa ta, sai likita ya duba da idonsa. Don haka ki riƙe lokacin da kika ji nauyin ƙirji ko haki, ko da "bayan la'asar, ina wanki" ne, ki sa yaro ya rubuta.

Ki shaida wa maigida ku ga likita a Asibitin Rasheed Shekoni da ke Dutse. In da buƙata zai tura ku Asibitin Malam Aminu Kano. Amma ciwon ƙirji mai tsanani da gumi da amai, wannan ba ya jiran na'ura, ko tsakar dare ne a tafi.